Kai iyali resto: wayewa ce ko tallar gida?

Laminu: Na faɗa a fada, zan maimaita a nan. Magidancin da ya kwashi mata da 'ya'ya zuwa resto a garin Maradi, tallar gidansa ya yi. Gobe za ka ji ana cewa uwargida ba ta iya tuwo ba.

Hajiya Rabi: Malam Laminu, kai da kullum bayan isha'i kana bakin mai balangu? Wato kai ka ci a waje daidai ne, maiɗakinka ce in ta ci ya zama abin kunya.

Laminu: Hajiya, wannan daban. A ƙunshe mini ake yi in kai gida.

Hajiya Rabi: Rabin ƙunshin a wurin shayi yake ƙarewa, mun sani. Mace ta wuni gaban murhu a zafin Afrilu, rana ɗaya a wata ba za a ce ta zauna a kawo mata ba?

Mushe Isuhu: Ni ba kunyar ce ta dame ni ba, lissafin ne. Mutum shida, kaza, firit, salati, lemo, sannan yara su ce sai gilas, wato askirim. Jikkunan da za ka ajiye a teburin nan sun isa cefanen kwanaki. Kuma me ake sayar mana? Shawarma da aceke, na baƙi. Garin da ake alfahari da jar akuya da gyaɗa, amma ka nemi dambu da zogale mai ƙuli-ƙuli a menu ka rasa.

Zainabu: Mushe, dambu ai kowane lungu akwai. Mu 'yan jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo wurin zama muke saya, ba abinci kaɗai ba. Samari suna da fada, mu ina za mu zauna mu yi hira ba a bi mu da ido ba?

Majo Sani: Ku bar ni in sa baki kan gilas ɗin. Da Najeriya ta yanke mana kuran a 2023, kowa ya ga yadda firigo ya zama akwati. Har yau ɗauke wuta bai ƙare ba. Gilas ko yawur da ya narke aka sake daskarar da shi, shi ke kawo mana yara asibiti da gudawa. In ka ga ƙanƙara ta yi tsatsa-tsatsa a kansa, bar shi. In wurin ba shi da gurup (injin wuta) ko sola, kada ka ba yaro.

Laminu: Kun ji ko? Furar Fulani ta fi.

Majo Sani: A'a Malam, kada ka jingina da ni. Furar ma sai ka san ruwan da aka dama ta da shi.

Hajiya Rabi: To Malam Laminu, an sami mai gurup, an sami mai tsabta. Saura wace hujja?

Laminu: Saura kuɗin. Mushe ya riga ya faɗa.

Zainabu: Baba Laminu, ɗazu kunya ka ce.