Keke a tsaunuka cikin hunturu: me ke fara lalacewa?

Mai Hawan Pamir:
Assalamu alaikum. Waɗanda suka taɓa doguwar tafiya da keke a tsaunuka cikin hunturu, ku zo mu haɗa abin da muka gani. Ni na buɗe da hanyar M41 ta tsaunukan Pamir a Tajikistan, wadda ke haura mashigin Ak-Baital mai tsayin mita 4,655. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi a ma'aunin Celsius, kuma a Disamba hasken rana bai cika awa goma ba. Amma abin da ya fi sanyin kansa ɓarna shi ne danshi. Duk inda ruwa ya samu ya laɓe da rana, ko a bututun wayar birki ko a safa, kafin asuba ya zama ƙanƙara.

Bakanike:
Wa alaikumus salam Malam. A jikin keke, firiwil, wato abin da ke haɗa giyar baya da taya, shi ke fara cin amana. Cikinsa akwai 'yan haƙora da siririn sifirin ke turowa su kama. Giris ya yi kauri don sanyi, sai su maƙale a kwance, ka taka feda tana ta juyawa fayau, taya ko motsi. Maganinsa tun kafin a tashi: a buɗe, a wanke giris ɗin tas, a ɗiga mai marar kauri. In ya faru a hanya, a ɗaure babbar giyar baya da wayoyin taya wuri huɗu ko biyar da igiyar roba mai zargewa, a taka a hankali. Sai dai daga nan ba damar tsayar da ƙafa, feda za ta riƙa bin taya, don haka a gangara a sauka a tura.

Kada a watsa wa komai ruwan zafi don ya saki. Zai saki na minti goma, sannan ya daskare fiye da da.

Birkin da ke matse rim bai da amfani in ƙanƙara ta lulluɓe rim ɗin. Na faifai ya fi, kuma ni na fi yarda da mai waya a kan mai aiki da mai, don waya ko da safar hannu a hannunka kana iya canza ta.

Mai Tayar Ƙusa:
Ƙari a kan na Oga Bakanike. Taya mai ƙusoshi, irin Schwalbe Marathon Winter Plus, ana fara yi mata wajen kilomita 40 a kan kwalta, ba birkin gaggawa, don ƙusoshin su zauna. Wanda ya tsallake wannan zai bar su a hanya ɗaya bayan ɗaya. A kan sulɓin ƙanƙara a rage iska, ƙusoshin gefe su taɓa ƙasa. Cikin dusar ƙanƙara mai zurfi kuwa ƙusa ba ta tsinana komai, turawa ce kawai. Sholisho ba ya kamawa da kyau a sanyi, a riƙe tib biyu ko uku, facin a bari sai an shiga tanti.

Uwar Risho:
'Yan'uwa kun yi ta keke kun manta da ruwan sha. Gwangwanin gas na butan yana daina fitar da iska da zarar an kai sifili, isobutan ya jure zuwa wajen digiri 12 ƙasa da sifili. Rishon fetur ne abin dogaro, amma a ninka man da aka saba ɗauka, don kusan duk ruwan daga dusar ƙanƙara za a narka shi. A fara zuba ɗan ruwa a gindin tukunya sannan a riƙa ƙara dusar kaɗan-kaɗan. In aka cika tukunya da busasshiyar dusa, gindin ne zai ƙone, ruwan ya yi ƙauri. A mita 4,000 ruwa na tafasa a wajen digiri 87, abinci ba ya nuna da wuri, sai a zaɓi mai saurin dahuwa.

Fetur ba ya daskarewa, yana ɗaukar sanyin wajen ne gaba ɗaya. Ya zubo a fata tsirara, nan take yake ƙona ta da sanyi. Gora a ajiye ta kife, ƙanƙara daga sama take farawa, murfin zai buɗu da safe. Matatar ruwa mai siraran zare kuwa, ta daskare sau ɗaya ta fashe daga ciki, ido ba ya gani, a kwana da ita a jakar barci. Girki cikin rufaffen tanti a'a, iskar gubar da risho ke fitarwa ba ta da wari.

Mai Hawan Pamir:
Gaskiya ne Hajiya. In dawo kan gumi. A fara hawa da ɗan jin sanyi, zif a buɗe. Da an kai ƙoli, kafin hoto, kafin komai, a canza rigar ciki in ta jiƙe, a ɗora mai kauri da mai tare iska. Sanyin digiri 10 ƙasa da sifili, in kana gangarowa da gudun kilomita 30 a awa, fata na jin sa kamar 20 ƙasa da sifili. Takalmi ya ɗara ƙafa da lamba ɗaya, feda kuma shimfiɗaɗɗiya, don ƙarfen takalmin da ke maƙalewa a feda yana zuƙe ɗumin tafin ƙafa. Yatsu sun fara mutuwa, a sauka a tura keken minti goma.

Katifar iska kada a hura ta da baki, tururin numfashi zai daskare a ciki. A shimfiɗa ta soso a ƙarƙashinta, in ta iskar ta huje da tsakar dare akwai abin da ya raba ka da ƙasa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Yayana, saura tsayin kansa. Sama da mita 3,000, wurin kwana kada ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta yini ɗaya duk bayan kwana uku ko huɗu. Ciwon kai da tashin zuciya, a tsaya nan. Haki alhali ana zaune, tari mai kumfa, ko tafiya da tangaɗi, a sauka ƙasa nan take ko da dare ne. Yatsan da ya yi fari ya sandare ba a murza shi, ba a kara shi a wuta. Ruwan ɗumi ake sa shi, digiri 37 zuwa 39, kuma sai an tabbata ba zai sake daskarewa ba.

Bakanike:
Na manta batir. Waya da fitila su zauna a aljihun ciki, kuma kada a sa su caji suna ƙasa da sifili, batirin litiyam yana lalacewa. A ɗumama su a jiki tukuna. Ƙugiyoyin roba na jakunkunan gefe ma karyewa suke kamar busasshen itace, a riƙe madauri biyu na ko-ta-kwana.