Tafiyar ƙafa ni kaɗai a bakin teku daga Porto, akwai wanda ya taɓa yi?

Bakatsine a Braga:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Tun rasuwar mahaifina bara, wadda ko jana'iza ban samu ba saboda ina nan Fotugal wajen aiki, zuciyata ta ƙi kwanciya, sallah ma jikina ne kawai ke kan darduma hankali yana can gida. Hutuna ya kusa shi ne nake tunanin in bi hanyar nan ta bakin teku da ake takawa daga Porto zuwa Santiago a Sifaniya, ni kaɗai ba abokin hira. To amma na san asalinta ziyarar Kiristoci ce zuwa kabarin da suke cewa na Yakubu ne, ɗaya daga cikin hawariyawan Annabi Isa (AS). Ya halatta gare ni? Kuma da gaske tana wanke zuciya ko baƙar wahala ce kawai?

Almajirin Zariya:
Wa'alaikumussalam. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ɗan'uwa maganar duk tana kan niyya. In don neman albarkar kabarin ne to babu, hadisi ya tabbata cewa ba a ɗaura kayan tafiya don ibada sai zuwa masallatai uku, Makka, Madina da Ƙudus. In kuma takawa ce don tunani da duba halittar Ubangiji, wannan Alƙur'ani ma ya yi umarni da shi. Tafiyar ta kai ta ƙasaru. Sai dai ka bar tafiyar dare kai ɗaya, an yi hani da ita.

Ɗan Damagaram a Vigo:
Ni na taka ta, wallahi ka je. Wajen kilomita 270 ce, yawanci sati biyu ake yi. Daga Porto ka bi Matosinhos, Vila do Conde, Viana do Castelo har Caminha, can za ka shiga kwalekwale ka haye kogin Minho ka faɗa Sifaniya. Ɓata da wuya, kibiya ruwan ɗorawa ce a jikin bango da duwatsu kana bi. Kar ka manta agogon Sifaniya ya wuce na Fotugal da awa ɗaya, saboda lokutan sallah. Alƙibla kuma ba wahala, teku na hagunka tunda arewa ka nufa, in za ka yi sallah ka ba shi baya ka ɗan karkata dama. Abinci ka riƙe kifi da burodi, kuma ka dinga tambaya, don har miyar ganyensu sukan jefa mata naman alade.

Amma abin da kake tambaya a kai, gaskiya ba ƙafa ce ke shan wuya ba. Farko-farko ƙafa ce, bororo ya fito maka, jaka ta ci kafaɗa, baka tunanin komai sai inda za ka kwana. Sai jiki ya saba tukuna shirun ya taso maka. Akwai inda suka shimfiɗa katako a kan yashi, kana tafiya ba ka jin komai sai ƙarar takalminka da igiyar ruwa da iskar nan ta arewa mai dukan fuska, to a nan ne duk wanda ka ɓata wa da duk wanda ya ɓata maka suke zuwa ɗaya bayan ɗaya, ba waya da za ka ɓuya a ciki. Ni sai na ɗauki carbi na daidaita istigfari da takuna, wani wurin in tsaya in yi kuka son raina tunda ba mai ganina sai tsuntsaye. Sallar asuba da na yi a kan duwatsun Oia ban taɓa samun nutsuwa irinta ba.

Maman Hanifa, Wad Madani:
Allah ya gafarta masa ɗana. Mu nan Sudan kakanninmu da ƙafa suka zo daga ƙasar Hausa, ta Chadi, wasu shekaru suka yi suna noma suna tara guzuri kafin su kai Sawakin su haye Bahar Maliya zuwa Jidda, wasu a hanya suka rasu wasu nan suka zauna har aka haife mu. Don haka ban raina tafiyar ƙafa ba. Sai dai su a ayari suke tafiya kuma Ɗakin Allah suka nufa. Ni tambayata, mahaifiyarka na da rai? In tana nan to hutun nan nata ne, je ka zauna gabanta, ka ziyarci kabarin Babanka ka yi masa addu'a. Tekun ba inda zai je.

Bakatsine a Braga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama tana nan da ranta Hajiya, kuma maganarki ta shige ni, kuɗin jirgi ne bai haɗu ba sai ƙarshen shekara in Allah ya yarda. Zan kira ta in nemi izininta, in ta amince sai in taka ko zuwa Caminha ne. Yaya na Vigo, gidajen kwanan matafiyan nan ana samun inda mutum zai yi alwala da asuba ba tare da ya tashi mutane ba?