Wa ya taɓa yin hutun bazara a motar tafi-da-gidanka?

Baban 'Yan Uku (Shikago):
Assalamu alaikum jama'a. Yara sun sako ni gaba sai mun yi hayar motar tafi-da-gidanka, irin wadda Amurkawa ke ce wa RV, mu tashi daga Shikago zuwa gandun dajin Yellowstone mu dawo cikin kwana goma. Mu biyar ne har da uwargida. Babban kuma ya kwaso wani wasa daga makaranta, Geocaching, wai a bi taswirar waya a nemo akwatin da wani ya ɓoye, kuma yana so mu riƙa tsayawa a hanya saboda shi. Ni mota mafi girma da na taɓa tuƙawa Sienna ce. Duk wanda ya taɓa yi ya ba mu labari, mai daɗi da mara daɗi.

Tsohon Direba (Indiyana):
Wa alaikumus salam Alhaji. Ɗauko biro mu yi lissafi. Daga ƙofarka zuwa Yellowstone kusan mil 1,400 ne. Da iyali a cikin wannan mota, in ka ci mil 300 a yini ka yi ƙoƙari. Kwana biyar zuwa, biyar dawowa, to yaushe za a ga abin da aka je gani? Mu mun yi wannan kuskuren a tafiyarmu ta farko, muka dawo ba abin da yara suka iya tunawa sai gidajen mai.

Tamu galan ɗaya mil 10 take yi, in iska ba ta taso ba. A Dakota ta Kudu kuwa, kan babbar hanya ta I-90, iska ba ta hutawa, kuma motar nan kamar ka ɗora shago ne a kan taya. Tirela ta wuce ka sai ka ji an hankaɗe ka gefe. Ka rubuta tsayin motar daga ƙasa zuwa rufi a takarda ka manna gaban sitiyari, saboda gada da rumfar gidan mai. In kun iso duwatsun Bighorn a Wyoming, ku bi hanya mai lamba 16 daga garin Buffalo, kada waya ta ruɗe ku ku hau 14A, gangarenta ba na sabon hannu ba ne. A gangare giya ake saukewa, ba a kwanciya kan birki.

Sai zango. Na gwamnati da yawa ana buɗe rajistarsu a shafin intanet na Recreation.gov wata shida kafin ranar, kuma na watan Yuli tun sanyi bai wuce ba ake wawashe su. Ko fatake ba sa tashi sai madugu ya san inda ayari zai yada zango.

Maman Biyu (Minesota):
Alhaji, maganar tuƙi ku maza kun fi kusa. Ni ka miƙa wa Hajiya wayar, da ita zan yi magana.

'Yar'uwa, ruwa shi ne sarki a motar nan. Tanki uku ne: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanke-wanke da wanka, sai na bayan gida. Namu na tsabta galan 40 yake ci. Wanda ya ba mu hayar ya ce zai kai mu kwana uku ko huɗu. To shi da lissafin mutanensu ya yi. Bai san da alwala sau biyar ta mutum huɗu ba, bai san buta ba, bai san tukunyar tuwo sai an jiƙa ta ba. Washegari da la'asar famfo ya fara tari. Na wanke-wanke kuma ya cika har ruwa ya dawo ta ƙasan wurin wanka, da ɓurɓushin shinkafa yana yawo a kai. Ranar na yi da-na-sanin barin gidana.

Daga baya muka gane kan abin. Alwala a waje da buta, ruwan daga famfon zango. Wanka a banɗakin zango in akwai. Miyar kwana uku na dafa tun daga gida na daskarar, nama kuma na saya wurin mai halal na garinmu, don daga nan ba mu sake ganin wani ba har muka dawo. Garin semo da yaji da man gyaɗa su suka riƙe mu.

Zubar da ƙazanta kuma aikin maigida ne, kada ki yarda a sa ki. Amma ki tsaya a kansa: safar hannu, a tabbatar bakin tiyo ya kama sosai, a fara buɗe na bayan gida, sannan na wanke-wanke ya biyo ya ɗauraye tiyon. Nawa ya buɗe kafin ya ƙulle tiyo. Ba zan ƙara komai ba, sai dai takalmin nan a can muka bar shi.

A Yellowstone ba a wasa da ƙamshin abinci saboda beyar. Ni da na taho da busasshen kifi da daddawa, ma'aikaciyar wurin ta ce ko soson wanke-wanke kada ya kwana a waje. Ɓaunayen nan kuma da za ki ga suna tafiya kamar shanun Fulani, doka ta ce a ba su tazarar yadi 25, beyar yadi 100. Ki riƙe hannun ƙaramin. Kuma ki ɗauki bargo. Mun baro zafi mai ƙona fuska a gandun Badlands na Dakota ta Kudu, kwana uku bayan nan muna karkarwa da asuba a cikin watan Yuli, don Yellowstone kan tudu yake sosai.

Ɗalibin Kansas:
Baba, ni a kan wasan zan yi magana, don na ga kamar ana yi masa kallon shiririta. Ya samo asali ne a watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da gangan ga farar hula. Kwana ɗaya bayan haka wani mutum, Dave Ulmer, ya ɓoye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sa lambobin wurin a intanet ya ce a nemo. Yau akwai sama da miliyan uku a duniya. Wanda ya fi kowanne daɗewa yana aiki, Mingo, yana nan jiharmu gefen hanyar I-70. In ta Kolorado za ku dawo, a kan hanyarku yake.

Waya za ta kai ku kusa, kamar taku goma, sauran aikin ido ne. Wani akwatin kamar na abincin 'yan makaranta, wani bai kai kan ɗan yatsa ba, an manna shi da maganaɗisu bayan allon hanya. A ciki akwai takarda, ka sa suna da kwanan wata. In ka ɗauki ɗan abin wasa ka ajiye wani a madadinsa, ka mayar da akwatin yadda ka same shi. Ba a binne su, don haka ba haƙa. Kowanne yana da maki 1 zuwa 5 na wahalar nema da na wahalar hanya, ku tsaya a 1 da 2. A cikin gandun gwamnati irin su Yellowstone galibi ba a yarda a ajiye akwati ba, sai irin wanda za ka je wurin ka amsa tambaya a kan dutse ko ruwan zafi. Ku sauke taswira tun kuna da sabis.

Abu biyu. Kada yaro ya zura hannu ramin da bai leƙa ba, akwai maciji mai ƙararrawa a wutsiya a Badlands, a fara da sanda. Na biyu, mu baƙar fata ne. Na taɓa zagaya wata bishiya a bayan wani ƙaramin gari kusan minti ashirin ina leƙe-leƙe, sai ga motar 'yan sanda, wani ya kira su. Na nuna wa ɗan sandan wayar, ashe ya san wasan, har ya ce in duba reshen hagu. Dariya muka rabu, amma gabana ya daɗe yana faɗuwa. Tun ranar ba na nema da magariba, ba na kusantar shingen kowa, kuma na lura in akwai yara tare da kai ba mai kallonka sau biyu.

Baƙon Hambug:
Mu nan Jamus abin ya ɗan bambanta. Lasisin ƙaramar mota iyakarsa tan 3.5, kuma da ka cika tanki ka loda kayan Hajiya kun kusa haurawa, sai da muka sauke buhun shinkafa. Daɗin kuwa, garuruwa da yawa suna da filin kwana na irin waɗannan motoci, Stellplatz, ka jefa kuɗi a inji ka sami wuta da ruwa. Mun bi daga Würzburg har Füssen, kusa da inda fadar Neuschwanstein take. Fadar cike da mutane, rabin sa'a aka kora mu waje. Abin da 'yata take ba da labari har yau wani tsohon injin niƙa ne na ruwa a bayan wani ƙauye, wanda ba don akwatin da aka ɓoye a gindin gadarsa ba, ko da kuɗi ba za mu san da shi ba. Sai dai kaska. Kudancin Jamus akwai ta a ciyawa kuma tana sa cuta, kowane dare sai mun duba bayan gwiwa da wuyan yara. Sallah kuwa kasaru muka yi ta yi muna haɗawa, don rana ba ta faɗuwa sai tara ta wuce.

Tsohon Direba (Indiyana):
Hajiya Maman Biyu, a gaida mai takalmi. Ba shi kaɗai ba ne, wasunmu dai ba a tona mana ba.

Baban 'Yan Uku (Shikago):
Allah ya saka da alheri. Uwargida ta karanta na Maman Biyu sau biyu, ta ce a ƙara buta ɗaya da jarka biyu. Mun sauke buri: bana Badlands da duwatsun Mount Rushmore da Devils Tower kawai, zango uku, kwana biyu-biyu a kowanne, Yellowstone sai baɗi in Allah ya kai mu. Yaron ya riga ya jera akwati goma sha ɗaya a kan hanya, na ce ya rage zuwa biyu a yini. Malam Tsohon Direba, saura tambaya ɗaya: motar ƙafa 25 za ta ɗauke mu mu biyar, ko dole sai mai 30?