Bokitin launi yana zubewa a taswirar Nijar, ina mafita?

Assalamu alaikum malamai. Tambayar ta shafi darasin jogarafi na ajin CM2 (ajin ƙarshe na firamare) a nan Damagaram, tablet 6 ga yara 48, wato takwas-takwas.

Aikin shi ne yara su cika jihohi 8 da launi a manhajar zane ta ibis Paint X, su rubuta sunan kowace. An zana taswirar a girman A4, piksel 2480 da 3508, layin iyaka mai kaurin piksel 4, baƙi. Idan yaro ya taɓa Zinder da bokiti (kayan cika launi na manhajar), sai launin ya malala ya cinye Diffa da Maraɗi, wani lokaci har Agadas. Inda bai malala ba kuma, farin zobe yake bari a gefen layin.

Zargina kan hanyar tura taswirar zuwa tablet ɗin yake. Da aka tura ta a matsayin hoto, ta matse ta koma JPEG, siririn layin ya dusashe, ƙananan kafofi suka buɗe a mahaɗar iyakoki. An sake turawa a matsayin fayil na PNG, malalar ta ragu, zoben dai yana nan. Yamai kuwa ƙanƙanuwa ce a cikin Tillaberi, yatsa ba ya samun ta sai an zuƙo sosai.

To, kaurin layi nawa ya isa, 8 ko 10? Kuma in an ware layin a kalk (wato shimfiɗar zane, layer) na sama, launi a na ƙasa, wane saiti ne ke sa bokitin ya bi layin sama? Mafitar ta zama wadda ba ta bukatar intanet, don babu shi a ajin. Allah ya saka da alheri.