An ƙara wa tankin motata girma, dole ne sai an sake sauke shi an wanke?

Direban Homa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bas ƙirar Homa gare ni mai shan fetur, ina jigilar Kano zuwa Maiduguri. Tankinta na asali lita 70 ne, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 shan mai a hanya yake cinye min riba. Shi ne na kai mai walda ya yanka ya ƙara faranti, yanzu yana cin wajen lita 110. Ya cika shi da ruwa kafin ya sa wuta, da ya gama ya zubar, ya ɗan shanya, aka ɗaura. Na zuba lita 30, amma ko makulli ban murza ba tukuna. Bakanikena ya ce a sake saukewa a wanke, dubu 25. Mai walda ya ce asarar kuɗi ce. Ranar Asabar nake da lodi. Ya zan yi?

Auwalu Golf: Wa alaikumus salam. Oga, ka canza filta kawai, ka sayi maganin wanke nozul ka zuba. Haka na yi wa tawa da ta fara fizga, ta dawo garau.

Baba Makaniki: Auwalu, Golf ɗinka tankin roba ne da ita, ba ta san walda ba. Kuma mutum ya ce bai tayar da mota ba, wane nozul za a wanke? Ɗana direba, kada ka ko kunna makulli, don da ka murza famfon mai zai fara zuƙa tun inji bai tashi ba. Garin ƙarfen giranda da kashin walda suna maƙalewa a bayan shingayen da ke cikin tanki, zubar da ruwa sau ɗaya ba ya fitar da su. Ruwa kuma ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya, daga ƙasan nan famfo yake ja.

Na Gashuwa: Ni wannan magana ta taɓa min ciwo. Ba ma ƙari aka yi wa tawa ba, dutse ne ya huda tankin aka yi faci. Mai faci ya rantse min ya wanke. Muna wuce Damaturu mota ta fara shaƙewa, in na taka sai ta ja baya. Kafin Benishek ta mutu murus, ga la'asar ta yi, kuma duk wanda ke bin hanyar nan ya san ba wurin da dare zai same ka ba ne. Akwai wata baiwar Allah da ake kai wa asibiti, a kwance take a jikin 'yarta. Na rinƙa tare motoci ina roƙo, da ƙyar aka rarrabe fasinja, na mayar wa kowa kuɗinsa daga aljihuna. Da aka ciro famfon, ragar bakinsa ta toshe da jan laka, shi kansa ya ƙone. Mai mota bai saurari komai ba, ya karɓi makullinsa a gaban yaran tasha. Har yaran makaranta suka koma hutu suka dawo ina zaune a gida.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Malam. Ita mara lafiyar ta isa kuwa?

Na Gashuwa: Ta isa, Hajiya. Wani mai Sharon ne ya ɗauke su, ko kwabo bai karɓa ba. Mai facin kuwa da na koma cewa ya yi man da na sha ne ba shi da kyau.

Ɗan Panteka: Dubu 25 ta yi yawa. A nan Kaduna dubu 8 yara za su sauke, su wanke da Omo, su ɗaura.

Sani Kofar Ruwa: Dubu 8 a wace shekarar? Makon jiya a gabana aka biya 18, ban da kuɗin man ɗauraya. Kuma famfo na Beljiyam mai kyau in ya ƙone, kuɗinsa ya ninka wankin.

Elhaji Maraɗi: Mu nan jika biyar na sefa ne a garaji, amma da esansinka, wato fetur, za ka zo. Muna zuba guntun sarƙa a ciki, mutum biyu su yi ta girgizawa har ƙazantar ta saki.

Injiniya Kabiru: Sarƙa don tsohuwar tsatsa ce, kuma a tankin da ba tururin mai. Ga abin da ya dace. A zuƙe litar 30 ɗin a jarka mai tsabta, a bar ta ta kwanta, a tace. A cire famfo da ma'aunin mai, a wanke da ruwan sabulu ta wannan ƙofar, a bi lungu da maganaɗisu. A toshe kafofi, a ɗan hura iska kaɗan, a shafa kumfa a kan layin walda, in ya yi ƙwai akwai yoyo. Sannan a bar shi a rana ya bushe ƙarau, don wurin da wuta ta ci rufin ƙarfen ya ƙone, nan tsatsa take fara kamawa. Kada kowa ya kusanto da na'urar busarwa ta lantarki. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari.

Ɗan Panteka: Injiniya, wannan karatun littafi ne. Ka taɓa kwanciya a ƙarƙashin Homa?

Baba Makaniki: Kai yaro, ka iya bakinka. Tun ana yayin 504 nake wannan sana'a, kuma abin da ya faɗa shi ne. Abu ɗaya zan ƙara: allurar mai ba za ta ƙara gaya maka gaskiya ba tunda zurfin tanki ya canza.

Auwalu Golf: Lita 110! Oga direba, in layin mai ya dawo gidanka za mu zo da galan.

Direban Homa: Ku zo da kuɗinku dai. Baba, wato ko man da na zuba zai amfanu in an tace?

Na Gashuwa: Wallahi ni ko kyauta ba zan mayar da shi ba. Ka sayar wa masu janareto.

Maman Ilham: Haba Malam, mu masu janareton fa? Namu ma kafireto gare shi.

Sani Kofar Ruwa: Ku duk kuna ta laifin mai walda. Ko ka wanke tanki da madara, me gidajen mai suke zuba mana? Kun manta Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai yawan methanol, motoci suka yi ta mutuwa a Legas da Abuja? Bana da damina na sha mai a wani gida a hanyar Wudil, da muka tsiyaya a gorar ruwa sai ga ruwa kwance a ƙasa ya kai yatsa biyu.

Elhaji Maraɗi: Shi ya sa wasunmu suka fi son na kwalba, aƙalla kana ganin abin da ka saya.

Ɗan Panteka: Ruwa ma da sauƙi, a kan litar fa? Jarkata mai cin 25 na kai, mita ta nuna 27 ba ta ko kai wuya ba. Na yi magana, yaron ya ce jarkar ce ta kumbura. Direba, kai da za ka rinƙa shan 110, lissafa nawa za su rinƙa yanka maka a kowane cikawa.

Baba Makaniki: Wane gida ne wannan na hanyar Wudil, Sani? Turo min ta waya, gobe yarona zai bi ta nan.