Cajin waya a ƙasar waje: shawarwarin da aka bayar a Samaru

Hirar masu shirin Umara da malaman jami'a masu zuwa taro Turai ta fi tsayawa kan soket. Na Saudiyya da Ingila irin namu ne mai ƙafa uku. Faransa da Jamus kuwa ramuka biyu ne zagayayyu, sai da adafta, kuma gara a saye ta tun a Zariya, ta filin jirgi tsada gare ta.

Amurka wutarta 120V ce, tamu 230V. A duba jikin caja: in an rubuta 100-240V, adafta ta wadatar. Dutsen guga da butar lantarki dai a bar su gida, don adafta ba ta canza ƙarfin wuta.

Fawa bank a jakar hannu yake shiga jirgi, kada ya wuce 100Wh (Wh shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri ke ɗauka).