Wanda ya taɓa sayen fowil ta hannu, ya ba mu labari

Mai neman mota:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Aiki ya fara kai ni hanyoyin da babu kwalta, ƙaramar motata kuma kullum sai ta karci ciki. Na ga wata fowil (mota mai ja da tayoyi huɗu) ta hannu, fenti na sheƙi, mita ta nuna kilomita 180,000. Kafin in biya, ina so waɗanda suka riga ni su faɗi abin da suka gani da idonsu.

Tsohon direba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, fentin nan da kake yabo shi ya cuce ni a motata ta farko. Na zaga ta sau uku, na saurari inji, amma ko sau ɗaya ban durƙusa na leƙa ƙarƙashinta ba. Bayan wata huɗu muka ɗaga ta a gareji za a canza shok. Makanike ya ɗauki sukuddireba ya caka a shasi, daidai inda sifirin na baya ya kama, sai ta shige kamar ya caki busasshen ganye. Ashe laka ce danƙare a cikin shasin tana riƙe danshi, tsatsa ta ci daga ciki, mai sayarwa kuma ya shafe waje da baƙin fenti. Inji ana sake shi, giya ana sake ta, amma in shasi ya ruɓe mota ta ƙare. Ka tafi da tocila da ƙaramar guduma. Ƙarfe mai lafiya ƙararsa tas take, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ɓuf.

Makanike:
Baba ya gama magana kan shasi. Ni abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya sayi fowil bai gwada fowil ɗin ba. Malam, ka nemi fili mai ƙasa ko tsakuwa, ka sa 4H, wato fowil na tafiyar gudu, ka yi tafiya, sannan ka tsaya cak, ka mayar da giya firi, ka sa 4L, wato fowil na jan ƙarfi a hankali. Motar ta ja a hankali da ƙarfi, ba ƙara, kuma liba kada ta fice da kanta.

Kada dai ka yi gwajin a busasshiyar kwalta. A irin su Hilux da Jimny, da ka sa fowil an kulle gaba da baya ke nan. A kwana tayoyin gaba sun fi na baya nisan tafiya, in ƙasa ba ta bar su sun ɗan zame ba, farfela da giya ne ke shan wahalar. Pajero mai Super Select, wadda ta fito tun 1991, ita tana da difa a tsakiya mai barin gaba da baya kowane ya juya da gudunsa, 4H ɗinta ba ya damuwa da kwalta. Ka san wace iri ce a gabanka.

In Land Cruiser 80 ce, ta 1990 zuwa 1997, leƙa bayan tayoyin gaba, wurin ƙwallon ƙarfen nan na aksul. Ɗan giris kaɗan ba komai, amma in ka ga yana tsiyaya kamar kunu, sil ya mutu, man difa ya gauraye da giris. Ana gyarawa, sai dai a rage maka a ciniki. In injin 1HZ ne, dizal mai lita 4.2, tambayi yaushe aka canza tayimin bel. Ba takarda, ka ɗauka ba a canza ba.

Hajiya mai gona:
Ni ruwa ne ya koya mini hankali. Na yi doguwar tafiya, aksul ya ɗau zafi, na faɗa rafi na haye lafiya lau, har ina jin daɗin motata. Bayan sati uku, aksul na baya ya fara kuka, wani uuu da ke ƙaruwa in na taka. Da aka kwance toshiyar difa, man da ya zubo fari-fari ne kamar an dama shi da madara. Akwai 'yar ƙofar shan iska a saman aksul. Ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa. Boris biyu suka tafi. Yanzu an ja mini tiyo daga ƙofar har saman inji, kuma duk ranar da na shiga ruwa mai zurfi sai an duba man.

Matashi:
Ni fa in na samu wadda aka ɗaga aka sa mata manyan tayoyi, ita zan ɗauka. An rage mini aiki.

Tsohon direba:
An dai ƙara maka, yaro. Wanda ya ɗaga mota ba don zuwa ofis ya ɗaga ta ba. Manyan tayoyi kuma suna cin boris da bushin, suna ƙara shan mai.

Makanike:
Kuma tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, cinyewarsu ta yi kusa da juna. Bayan ka saya, ko ba ka shiga daji ba, ka riƙa sa fowil duk wata. Littattafan Toyota da dama sun ce kamar kilomita 16, don mai ya zaga. Farfela tana da bakin giris, yawanci ba mai tunawa da shi. In ka dawo daga laka, a sa tiyo a cikin ramukan shasi har ruwa ya fito garau.

Mai neman mota:
Na gode Baba, na gode Hajiya da Malam. Na koma jiya da tocila da guduma. Shasin ƙalau yake, sai dai robar fedar kuloci ta cinye har ƙarfe ya leƙo, abin da bai yi mini kama da 180,000 ba. Da na sa 4L, fitilar fowil da ke gaban direba ta yi ta ƙyaftawa ba ta tsaya ba. Mai motar ya ce ai shi bai taɓa buƙatarsa ba, shekara biyar ke nan. Na ce ya bari makanikena ya ɗaga ta, ya ce zai kira ni. Har yanzu shiru.